Jajen Mutanen Cikin Hoto

Shekara ashirin da shida na yi ina buɗe ƙofar ruwa ina rufewa, kuma yawancin ranakun sun bi ruwan sun wuce. Wadda ban taɓa mantawa da ita ba wata Alhamis ce a watan Disamba na 1981, ranar da na kwashi manoman layina na kai su jajen mutanen da suka mutu tun ba a haifi kakana ba. Ku da kuka shigo aikin nan daga baya kun sha jin ana tsokanata da maganar. Ga yadda ta faru.

Sunana Sule, mai gadin ƙofa. Ban yi boko ba. A lokacin ƙofata tana kan wani reshe tsakanin Kura da Bunkure, inda ruwa ke barin babban kanal ya shiga layin da ke shayar da gonakin ƙauyuka uku. Ƙofar farantin ƙarfe ce mai sitiyari a sama. In ka murɗa ta ɗaga, ruwa ya wuce ta ƙarƙashi. In ka mayar ta sauka. Akwai sarƙa da kwaɗo a jikin sitiyarin, makullin yana wuyana. Ɗakina na kwano ne, taku goma daga ƙofar, kuma ƙauyen da ya fi kusa tafiyar rabin awa ce a keke. Ni kaɗai nake kwana, ni nake dafa abin da zan ci. Nakan yi kwana biyu ban buɗe baki ba, in ba Fulani sun kawo shanu shan ruwa mun gaisa ba.

Sama da ni akwai obasiya, Malam Lawan, mai zagaya ƙofofi a kan babur. Sama da shi injiniya. Sama da injiniya manaja, wanda sau biyu na taɓa sa shi a ido. Dokar aikin guda ce: ba a taɓa sitiyari sai da takardar ruwa. Kowace Litinin injiniya zai zo ya duba ma'aunin da ke jikin bango, ya rubuta murɗa nawa za a yi, na kwana nawa, ya sa hannu. Wanda ya buɗe ba takarda, in gaɓar kanal ta fashe, shi ya fasa ta. Na ga an kori mutum biyu a kan haka.

Injiniyanmu Bature ne ɗan ƙasar Poland. Sunansa ya fi ƙarfin bakinmu, muka sa masa Ƙasimu, ya karɓa. Dogo ne mai furfura, ya haura hamsin. Shekararsa uku tare da mu, yana jin Hausa, yana yin ta a karye. Ranar da ya gane ba na karatu sai ya riƙa yi mini ɗigo a ƙasan takarda, ɗigo ɗaya murɗa ɗaya. Ba shi da surutu, ni ma ba ni da shi. In ya gama rubutu yakan zauna a kan bangon ƙofa ya sha tabarsa, ina gefe, muna kallon ruwa. In ta ƙare ya tashi ya tafi. Iyakar zumuncinmu ke nan.

A farkon watan, gaɓar layina ta zube kusa da wani kwalbati, inda gafiyoyi suka huhhuda ta. Aka rufe ƙofa, leburori suka yi kwana takwas suna zuba ƙasa suna daɓewa. Sabuwar ƙasa ba a sakar mata ruwa haka kawai. Sai injiniya ya taka ta da ƙafarsa, ya soka mata sandar ƙarfe, ya faɗi abin da za ta iya ɗauka. Ranar Litinin, sha huɗu ga wata, ya kamata ya zo ya yi wannan. Alkamar mutane kuwa watanta ɗaya da shuka, daidai lokacin da ba ta jure ƙishi, ga shi ta riga ta yi kwana goma ba ta ga ruwa ba.

Litinin bai zo ba. Talata bai zo ba. Malam Lawan ya biyo da rana, na tambaye shi. Ya ce Bature ya kulle kansa a gida, ya sallami kukunsa, wai tun ranar Lahadi sojoji suka karɓe ƙasarsu suna ta kama mutane, rediyo ma ya faɗa. Na ce ai nan ma sojoji sun sha karɓa, ba a fasa ban ruwa ba. Na ce to shi ya sa hannu mana. Ya ce 'ya'yansa bakwai, in gaɓa ta fashe ta cinye gonakin mutane, ni zan ciyar masa da su? Manaja kuma yana Legas wajen taro. Ya tayar da baburinsa ya tafi.

Laraba da hantsi manoma suka zo, sun kai goma. Baba Haruna ne a gaba, shugaban manoman layin, tsoho ne ɗan siriri, gonarsa tana can wutsiyar kanal inda ruwa ke isa a ƙarshe. Wani da ake kira Garba yana riƙe da guduma. Baba Haruna ya ajiye tsigaggiyar alkama a kan bangon ƙofa. Bakin ganyen ya yi rawaya, ya naɗe.

Ya ce, "Sule, gobe da azahar in ba ruwa za mu fasa kwaɗon nan. Na zo in faɗa maka ne don kada ka ce an ci amanarka."

Na ce in za su fasa su fara da kaina. Garba ya ce ai kaina ya fi kwaɗon tauri, gudumar ce za ta sha wuya. Ba wanda ya yi dariyar kirki. Na san in sun fasa an kore ni, in ba su fasa ba alkama ta mutu. Da suka tafi na hau keke na nufi gidajen ma'aikata da ke wajen Kura. Ban taɓa zuwa gidan Ƙasimu ba sai ranar.

Gidan shi ne na ƙarshe a layin. Tagogi a rufe, ganyen darbejiya ya taru a kan motarsa. Na yi sallama sau uku, shiru. Na tura ƙofa, a buɗe take. Yana zaune a kujera da singileti, gemu ya tsiro masa. Rediyo a kan tebur yana ta shuu, wata murya tana fitowa da yarensu tana ɓacewa. Ga burodi ya bushe a faranti. Bai juyo ba.

Na ce, "Maigida, ruwa."

Ya ce, "Gobe."

Bango yake kallo, sai ni ma na kalla. Wani hoto ne a rataye, faɗinsa ya kai rabin tabarmar salla. Mutane ne da yawa a wani fili fari fat, ba bishiya, ba gida. Maza sun fi yawa, da mata kaɗan. Rigunansu masu kauri, kalar toka. Akwai sarƙa a ƙafafunsu, wasu an aske musu rabin kai. Sojoji na tsaye da bindigogi masu wuƙa a baki. A tsakiya akwai wani ginshiƙin dutse da ya fi mutum tsawo. Wani ya durƙusa ya kifa goshinsa a jikinsa. Wani tsoho ya tone farin nan ya ɗebi ƙasa yana ƙullewa a tsumma. Na ɗauka farin kanwa ce, irin filayen da fatake ke ba da labari a can arewa.

Ni a duniya hoto iri ɗaya na sani, wanda mai hoto ke ɗauka a kasuwa. Ka zauna a benci, ya ɗauka, ya ba ka. Abin da ke cikin hoto ya faru, kuma wanda ke ciki mutum ne da ake iya zuwa a gani. Ban san ana zana mutane da hannu su fito haka ba.

Na ce, "Mutanenka ne?"

Ya ce, "Mutanena ne."

Na tambaye shi ina za a kai su. Ya ce inda ba a dawowa. Na ja masa ƙofa na fita.

Ban koma ɗakina ba, gidan Baba Haruna na wuce. Na same shi a zaure bayan la'asar tare da Garba da wasu mutum uku. Na ce na ga abin da ya hana Bature fitowa. An kama danginsa, an sa musu mari, maza da mata, ana kora su cikin filin kanwa. Na gani da idona. Baba Haruna ya tambaya ko wani ya je masa. Na ce ba kowa. Ya ce wa yake da shi a nan? Na ce rediyo. Ya ce kwana huɗu mutum yana zaune da wannan shi kaɗai, mu muna nan muna auna guduma. Ya ce gobe da safe kowa ya sa rigar kirki. Garba ya ce madalla, sai a haɗa da maganar ruwa a gama gaba ɗaya. Baba Haruna ya ce duk wanda ruwa zai kai shi ya zauna a gidansa. Jaje za a je, ba roƙo ba.

Alhamis da safe muka tafi, mun kai talatin, a kan kekuna da jakuna biyu. Liman yana ciki. Wani Bafulatani da ya ji labari a hanya ya biyo mu da ƙwaryar nono. Aka cire takalma aka zauna a ƙasa ƙarƙashin darbejiyar ƙofar gidan. Na shiga na kira shi. Ya leƙa ta taga, ya ga taro, ya ce ya sani, ruwa ne, in ce musu gobe. Na ce ba ruwa ba ne, ya dai fito. Ya sa riga ya fito ba takalmi.

Baba Haruna ya matsa ya durƙusa a gabansa, tsoho da shi. Ya ce, "Ashe abin da ya same ka ke nan, Ƙasimu. Ba mu ji ba sai jiya, ka yafe mana. Allah ya kwance su. Allah ya mayar da kowa ɗakinsa."

Sai na bayansa ya matso ya faɗi nasa, sai na bayansa. Ƙasimu yana tsaye, hannuwansa a sake, yana kallon wannan yana kallon wancan. Wajen mutum na bakwai ya juyo gare ni ya tambaya su wa za a kwance. Na ce mutanen cikin sarƙa. Ya kalle ni har na fara jin ba daɗi. Ya shiga gida, ya fito da hoton, ya jingine shi a jikin bishiya, ya zauna a ƙasa kusa da shi. Ban taɓa ganin Bature ya zauna a ƙasa ba sai ranar.

Ya yi bayani da karyayyiyar Hausarsa, inda ta ƙare masa Liman ya ciko. Ya ce wannan ba hoton na'ura ba ne, wani ne ya zana da fenti, shi kuma kwafi ya saya ya taho da shi. Abin da ke ciki ya fi shekara ɗari da faruwa. A lokacin sarkin Rasha ne ke riƙe da ƙasarsu. Mutanensu suka tayar masa, manoma da malamai da 'yan makaranta, aka ci su da yaƙi. Waɗanda ba a kashe ba aka sa musu sarƙa aka kora su gabas da ƙafa, tafiyar wata da watanni, zuwa wani wuri da ake kira Saiberiya. Farin nan ba kanwa ba ce, ƙanƙara ce, sanyin wurin yana cire wa mutum yatsu. Ginshiƙin kuwa iyaka ce. In ayari ya iso nan sai sojoji su bar su su tsaya kaɗan su yi sallama da abin da ke bayansu. Ya ce uban kakansa yana cikin waɗanda aka kora. Bai dawo ba, ba a san kabarinsa ba.

Garba ne ya fara magana. Ya ce wato Sule ya hana mu aiki ya tara mu jajen mutanen da suka mutu tun Turawa ba su shigo Kano ba. Wani ya ce shi dama ya yi mamakin jirgin da ya kawo hoto cikin kwana uku, har da katakonsa da gilashinsa. Wani ya ce gobe kuma sai in kai su ta'aziyyar Fir'auna. Dariya ta tashi, har Bafulatanin. Ni ƙasa nake kallo. Da ta tsage da na shiga.

Baba Haruna bai yi dariya ba. Hoton yake kallo, ya matsa kusa sosai saboda idonsa ba ƙarfi. Ya nuna tsohon da ke ƙulle ƙasa a tsumma. Ya tambayi Ƙasimu ko a wancan lokacin an je wa iyalansu jaje. Ƙasimu ya ce a'a, wanda ya sa baƙaƙen kaya saboda su ma kama shi ake yi.

Baba Haruna ya ce, "To ba mu yi zuwan banza ba. Mun makara ne kawai."

A nan Ƙasimu ya rufe fuskarsa da hannu. Da ya buɗe sai ya ce yana da ɗa guda ɗaya, yana aiki a wata masana'anta, yana cikin ƙungiyar ma'aikatan da sojoji ke kamawa. Ranar Lahadi ya je Kano ya kwana a layin buga waya, aka ce an yanke duk wayoyin ƙasar, ba shiga ba fita. Wasiƙa ma ba ta wucewa. Bai sani ba ko yaron yana gida, ko yana kurkuku, ko an sa shi a jirgin ƙasa an yi gabas da shi. Ya ce tun yana ƙarami ake nuna masa hoton nan ana cewa ya wuce, ba zai sake faruwa ba.

Ba wanda ya sake dariya. Liman ya tambayi sunan yaron, ya gwada sau biyu bakinsa ya kasa, ya ce Allah dai ya san shi. Aka ɗaga hannu. Ƙasimu ba musulmi ba ne, amma ya ga yadda muka yi, shi ma ya buɗe tafukansa. Aka shafa. Bafulatanin ya tura masa ƙwarya ya tsaya a kansa sai da ya sha. Daga nan aka tashi ɗaya bayan ɗaya, kowa ya ce Allah ya jiyar da mu alheri, ya ɗauki takalminsa. Rana ta kusa tsakiya. Mutum talatin, alkamarsu na ƙonewa, ba wanda ya ce ruwa.

Ni na rage. Na ɗauki hoton na kai masa ciki na mayar a ƙusarsa. Ya tsaya a bayana. Ya tambaye ni me ya sa ba su yi maganar ruwa ba. Na ce ba ita ta kawo su ba. Ya ce kwana nawa yanzu alkama ba ta sha ba? Na ce sha uku. Ya ce ni fa, me ya sa na gaskata hoton da sauri haka?

Na ce don na taɓa ganin irinsa. Garinmu yana ƙarƙashin ruwan dam. Shekara bakwai ke nan da aka zo da manyan motoci aka kwashe mu. Ba sarƙa, ba bindiga, an ma ba mu fili a wani wuri. Amma kabarin ubana yana can ƙasa, matata kuma ta rasu kafin ta cika shekara a sabon wurin. Ruwan da nake buɗewa ta kan gidanmu yake biyowa. Ban taɓa faɗa wa kowa wannan a wurin aiki ba. Ya nuna tsohon cikin hoton ya ce ko na ɗebi ƙasa. Na ce ban yi tunanin haka ba, gado na ɗauka da awaki biyu.

Ya kashe rediyon. Ya sa takalmansa na roba ya ɗauki sandar ƙarfe, muka ɗora kekena a bayan mota.

Ya taka gyaran daga farko har ƙarshe yana soka sanda. A wuri ɗaya, dab da kwalbatin, ta shige har guiwar hannunsa kamar cikin tuwo. Da an fasa kwaɗo an sake ruwa gaba ɗaya, nan za ta ɓalle. Ya aika aka kira leburori suka jera buhunan yashi. Sai bayan la'asar ya zauna a kan bango ya rubuta takarda. Na duba ƙasanta, ɗigo huɗu. A da tara yake ba ni. Na ce ba zai isa wutsiya da wuri ba. Ya ce ya sani, in ya ba ni biyar ba zai isa ko'ina ba. Na buɗe kwaɗo na murɗa huɗu.

Gonakin kusa sun sha a ranar Juma'a, na tsakiya Asabar, suka farfaɗo. Ruwa bai kai wutsiya ba sai ranar Lahadi da yamma, kuma ya kai a gajiye. Gonaki biyar na can ƙarshe suka ƙone, har da ta Baba Haruna. Lokacin yankan alkama na bi ta wurinsa, na same shi yana tattara ɗan abin da ya tsira, bai fi kayan jaki ɗaya ba. Na ce laifina ne, da ban kawo labarin hoto ba da wataƙila sun je tun Laraba sun fito da Bature da ƙarfi. Ya ce in matsa daga kan damin, ina tattaka masa. Ya ce shi bai taɓa jin an je jaje an dawo da riba ba. Bai sake tayar da maganar ba har ya rasu.

Sai wajen watan Maris wasiƙa ta iso wa Ƙasimu, a buɗe, an shafe rabinta da baƙin tawada. Yaron yana tsare amma yana da rai. Daga baya aka sake shi, aka ba shi fasfo na fita wanda ba a komawa da shi. A 1983 kwantiragin Ƙasimu ya ƙare, ya tafi ya same shi a wata ƙasa mai sanyi da ba tasu ba. Ranar da ya tashi ranar ruwana ce, ban samu na raka shi ba. Ban sake jin labarinsa ba.

Abin da na ɗauka daga wannan kaɗan ne. Kada ku buɗe ƙofa ba takarda, ko da guduma a kanku. Manomi kuma kada ku raina shi, yana iya barin abincin shekararsa ya ƙone don ya gaida baƙo. Na ƙarshe shi ne ya fi damuna. In abokin aikinku ya yi kwana biyu bai zo ba, kafin ku kai ƙararsa ofis, ku je ƙofar gidansa ku yi sallama. Shekara uku ina zama gefen mutumin nan kowace Litinin, ban san yana da ɗa ba. Shi ma bai san ba ni da kowa ba.